Gwaggon Sama da Kuɗin Kula da Gini

Ai shi ya sa in mutum ya fara buga ƙirji wai shi gidansa na kansa ne, ba uban da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ƙarshen wata, kallonsa kawai nake yi. Kai, zauna mana. Ba ka san Gwaggon Sama ba ne, da ka rage wannan bakin.

Gwaggon Sama ake ce mata don a hawan ƙarshe take, can ƙololuwa, inda in ka leƙo ta taga za ka ga motoci kamar kwalin ashana. Ginin irin dogayen nan ne da ake yankawa gida-gida, kowa da ƙofarsa da makullinsa, amma matakala ɗaya ce, tankin ruwa ɗaya, rufi ɗaya, lifta ɗaya. Ita ma liftar tun kafin su tare ta mutu, har gizo-gizo ya yi jikoki a ciki. Sana'ar Gwaggo ɗinkin labule. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, kullum da allura a maƙale a gefen ɗankwali, kuma in tana magana sai ka rantse faɗa take yi, alhali gaisuwa ce.

Mijinta direban babbar mota ne, irin masu tafiyar sati biyu su dawo da jan ido. Rabin rayuwarsu a gidan haya suka yi ta, daga wannan lungu zuwa wancan. Akwai wani mai gida da ya taɓa watso musu tukwane waje ana tsuga ruwa, 'yarsu Auta tana goye tana tsala ihu. Direba bai taɓa manta wannan ranar ba. Da ya ajiye aiki aka ba shi kuɗin sallama, ko takalmi bai saya ba, ya tattara ya sayi gida a ginin nan. Na sama ya ɗauka don shi ne mai araha, wa zai so hawa?

Ranar da ya danƙa mata makulli yana haki a bakin ƙofa, cewa ya yi, "Maman Auta, riƙe. Daga yau kin gama biyan kowa a duniya. Ko na mutu ba mai ɗaga ki daga nan."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta yarda da maganar nan kamar yadda ta yarda gobe gari zai waye.

Wata bai ƙare ba aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wani tsoho ne mai ƙugiyar makullai a ƙugu, in yana tafe sai ka ji kamar akuya mai ƙararrawa. Baba Mai Makulli, shi ke kula da ginin, a ɗan ɗakin ƙarƙashin matakala yake kwana. Ya ce ya zo karɓar kuɗin kula da gini.

Direba ya ce, "Kuɗin me? Baba, saye na yi fa, ba haya ba."

"Na san saye ka yi, ranka ya daɗe. Ɗakunan naka ne. To ƙwan fitilar matakala fa, na waye? Injin da ke turo maka ruwa har sama, iska yake sha? Mai gadi 'ya'yansa duwatsu za su ci? Motar kwashe shara fa? Abin da yake na kowa, kowa ke biya."

"Har yaushe?"

Baba ya yi dariya har makullansa suka taya shi. "Har ginin ya faɗi."

Direba ya biya. Kowane wata yana biya yana tsaki, yana cewa haya ce aka sake mata riga. Haka ya yi ta yi har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba.

To fa. Aka gama zaman makoki, jama'a suka watse, Auta ta koma ɗakin mijinta can wani gefen gari, aka bar Gwaggo daga ita sai keken ɗinki. Kuma lokacin ne kasuwa ta cika da labulen kanti, ɗinkakke, mai sheƙi, ka saya ka rataya. Dama ta taɓa riƙe rumfa a kasuwa, nan ma irin waɗannan kuɗaɗen kula ne suka kore ta. Bayan kuɗin rumfa akwai na shara, akwai na gadi, akwai na gyaran kwata, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Ta kwaso kekenta ta dawo gida, wai ta gudu.

Wata biyu Baba yana hawowa yana komawa hannu banza. Na uku ta riga shi, ta sauka ta same shi a ɗakinsa yana shafa man zafi a baya.

"Baba, gaskiya zan faɗa maka, ba ni da shi. Amma ina da hannu. Na ga bayan nan naka ya gama yawo. Kai ka ce kuɗin na kula da gini ne, ko ba haka ba? To ni zan kula da shi. Matakalar nan daga sama har ƙasa, shara da wanki, ka bar mini."

Baba ya dube ta, ya dubi tsintsiyar da ke jingine wadda ya kwana uku bai iya sunkuyawa ya ɗauka ba.

"Uwar ɗakina, kin ɗauke mini dutse a ka. Je ki. Muddin ina numfashi ba zan ƙara taɓa ƙofarki ba."

Shi kenan maganar. Ba shaida, ba komai, daga shi sai ita sai warin man zafi.

Bari in faɗa maka tun yanzu, kada ka ce an ɓoye maka. Baba ba shi da ikon yafe wa kowa ko ƙwandala. Ɗan karɓa ne kawai, shi ma albashi ake ba shi. Abin da ya yi shi ne ya daina hawa ƙofarta, in shugabannin ginin suka tambaya ya ce, "Matar marigayi ce, a yi haƙuri, za ta kawo." Su kuma suka yi ta haƙuri suna tara mata. Shi yana ganin taimako ya yi. Ita tana ganin biya take yi. Ba wanda ya yi niyyar cutar wani, kuma wallahi da cutar aka shirya ba za ta kai wannan kyau ba.

Haka Gwaggo ta kama matakala. Da sassafe, kafin masu zuwa aiki su fito, ta fara daga ƙofarta tana sauka da baya-baya a sunkuye. In ta kai ƙasa ta ciko bokiti ta sake hawowa, ta bi da tsumma. Cingam da aka liƙa a ƙarfen riƙo, da tsohon almakashinta take kankarewa. Ƙwan fitila in ya mutu, ita ke hawa kujera. Ta san kowane hawa da irin dattinsa: na masu shan sigari a ɓoye, na masu kyanwa, na matar da ke sharo ƙurar ɗakinta ta turo waje ta rufe ƙofa da sauri kamar ba ita ba. Gwaggo ba ta raga mata. Sai ta buga ƙofar da gindin tsintsiya.

"Amarya! Ƙurarki ta ce in gaishe ki, wai ta yi kewar gida!"

Ba ta jin kunyar aikin ko kaɗan. Alfahari ma take yi. In Auta ta kira ta ce, "Inna, wai har yanzu kina wannan wahalar?" sai ta ce, "Wahalar me? Kowa na biya da aljihu, ni ina biya da gwiwa. Ba wanda yake bina ko tsinke."

Gwiwar kuwa tana karɓar saƙo. Shekaru suka yi ta tafiya, Auta ta haifi na farko, ta haifi na biyu, har na farkon ya shiga makarantar gaba da firamare, Gwaggo tana sauka tana hawa. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti a hawa na biyu, Nas kowa ke ce mata, ita ce ke tare ta a hanya.

"Gwaggo, tsaya in ga ƙafar nan. Kai! Wannan gwiwa ce ko kabewa?"

"Ke dai ba ni ƙwayar nan taki mai ja."

"Ƙwaya ba ta gyara abin da ya goge. Kin cinye gurunguntsin tas, ƙashi ke cizon ƙashi. Ki bar hawan nan."

"In bari in biya da me, da kyawun fuskata?"

Ana haka wata safiya aka ga ɗakin Baba a buɗe, shi a ƙasa, gefe ɗaya ya shanye, baki ya karkace. 'Ya'yansa suka zo suka ɗauke shi. Ko sallama bai iya yi ba, makullan kawai aka cire daga ƙugunsa aka miƙa wa shugaban masu gidajen, wani tsohon Hedimasta da ke hawa na ɗaya. Baba bai yi wata biyu ba labari ya zo ya cika.

Hedimasta mutum ne mai son tsari, ba mugu ba. Ya ce ginin ya tsufa, a ɗauko kamfani. Kamfani ya zo da fenti da sababbin fitilu masu kunna kansu in sun ga mutum. Suka tayar da lifta! Ranar da ta fara motsi har guɗa aka yi. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofarta tana jin ƙugin injin a saman kanta, ta shafa gwiwa ta ce, "To ku huta, Allah ya kawo mana sauƙi."

Sai dai liftar ba ta buɗewa sai da kati. Katin kuma sai wanda ba a binsa kuɗin kula.

Ita ko a jikinta. Har ta tanadi zaren da za ta rataya nata a wuya. Sai ga wani saurayi ya fito daga liftar, tsaf da shi, da jaka a hammata, yana ƙamshi. Mai Jaka, sunan da ya bi shi kenan a ginin. Ya gaishe ta da ladabi har da rusunawa, sannan ya faɗi abin da ake binta.

Gwaggo ta yi dariya. "Ɗan nan, ka ɓata ƙofa. Wannan ai kuɗin sayen mota ne."

"Nan ne, Mama. Tun shekarar da maigidanki ya rasu ba a ga naki ba. Ga kuma tarar jinkiri. Sannan akwai na musamman da aka raba wa kowa, na gyaran lifta da fenti."

"Na biya."

"To alhamdu lillahi, sai ki nuna mini rasit."

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi bakin matakala. "Ga rasit nan. Duba. Ka taɓa ganin matakala mai tsabtar wannan? Ka sa harshe ka lasa in ka ji ƙasa." Ta ɗage zani kaɗan. "Ga wani rasit ɗin, guda biyu, duk sun kumbura."

Yaron ya sunkuyar da kai. Wallahi ya ji kunya, an gani a fuskarsa. Amma cewa ya yi, "Mama, wa ya sa ki?"

"Baba Mai Makulli."

"Allah ya jiƙansa. Ya rubuta miki?"

"Rubutun me? Mutum da bakinsa?"

Aka kira taro a wurin ajiye motoci, kowa da kujerar roba. Gwaggo ta sauko da kyar, ta ƙi zama. Ta zayyana komai tun daga man zafi. Da ta gama sai matar nan mai turo ƙura ta ce, "Ikon Allah. Mu fa duk mun ɗauka albashi ake ba ta."

Wani mai shagon waya a hawa na uku ya ce, "Ni dai ban taɓa fashin wata ba, kuma a cikin abin da nake biya akwai kuɗin shara. In ita ke sharar kyauta, ina kuɗin sharar yake tafiya?"

Nan taro ya watse ya koma kan mamaci, kowa na tono Baba, ana ya ci ana bai ci ba. Gwaggo tana tsaye an manta da ita. Nas ce ta daka tsawa.

"Ku ji tsoron Allah! Matar nan ta goge muku ƙafa shekara da shekaru. A lissafa ladan mai shara na wannan tsawon lokacin mana, a cire, mu ga wa ke bin wani!"

Hedimasta ya gyara tabarau. "'Yata, maganarki gaskiya ce a wurin Allah. Amma injin ruwa ba ya shan lada, mai yake sha. Kamfanin nan ba da godiya za mu biya shi ba. In na yafe mata yau, gobe wannan zai ce shi ya wanke gareji, wancan ya ce shi ya kori ɓera. Gwaggo, ki yi haƙuri. Tara za mu iya cire miki rabi. Uwar kuɗin ba tawa ba ce balle in bari."

"Malam," in ji Gwaggo, "shekarun nan duk kana wuce ni a sunkuye kana cewa sannu da aiki. Ba ka taɓa cewa Gwaggo ana binki ba."

"Kunya na ji. Matar marigayi ce ke."

"To kunyarka ta kashe ni."

Duk da haka ba ta karaya ba, don tana da abin da take taƙama da shi. Bayan rasuwar Direba ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya da agogonsa, ta haɗa da ɗan abin da ya bari, ta kai banki. Tun daga ranar ba ta taɓa ko leƙawa ba. A ganinta kuɗi kamar hatsi ne a rumbu, in ba ka buɗe ba ba ya raguwa. Ko ranar da ta kwana da ruwan shayi ba madara ba ta taɓa shi ba. Na ranar tsiya ne, ga ranar ta zo.

Auta ta zo ta raka ta. Saukar ranar a zaune ta yi ta, tana jan gindi daga wannan taki zuwa wancan, liftar tana wuce su tana ƙugi.

A banki wata yarinya mai dogon farce ta danna na'ura, ta juyo musu da fuskar allon. Auta ta karanta, ta sake karantawa, ta kalli mai farcen.

"Ke, faɗa mini mana."

"Inna, bai kai abin da kika zuba ba."

"Wa ya ɗiba?"

Mai farce ta ce, "Ba wanda ya ɗiba, Mama. Irin asusun da aka buɗe miki ana cire kuɗin kula da asusu duk wata. Akwai na kula da kati duk shekara. Akwai na saƙon waya."

"Wane kati? Yana cikin ambulan ɗinsa ko ɓarewa ban yi ba. Wane saƙo?"

Mai farce ta karanto lambar wayar. Ta Direba ce, ita Gwaggo ta bayar ranar buɗe asusun don ita kaɗai ta haddace. Shekara da shekaru banki yana aika wa mamaci saƙo yana cajin matarsa.

Gwaggo ta dafa kanta. "Tsaya, 'yar nan, fahimtar da ni. Kula da asusu. Wanka kuke yi wa kuɗin? Abinci kuke ba su? Can an ce ban biya ba don ban ba da kuɗi ba. Nan na ba ku kuɗin gaba ɗaya, na tafi na bar muku, shi ma laifi ne?"

"Tsarin ne haka, Mama. Da kin zo da an sauya miki wani iri."

"Da na zo! Na ce kar in dame ku ne!"

Mutanen layi suka yi dariya, ba da mugunta ba, amma dariya ce. Abin da ya rage, ga shi ya ragu, ga shi kuɗin ma kansa ya lalace, abin da zai sayi keken ɗinki a da yanzu ko ƙafarsa ba zai saya ba. Suka kwashe suka kai wa Mai Jaka. Ya karɓa ya ba da rasit, na farko a rayuwarta. Ko sulusi bai toshe ba. Kati dai babu.

Washegari ta fito da tsintsiya kamar kullum, don jikinta bai san wani abu ba. A hawa na huɗu ta ci karo da mata biyu masu riga iri ɗaya da safar hannu, da bokiti mai taya. Mai Jaka yana bayansu.

"Mama, don Allah ki daina. An ɗauki masu yi."

"Ban ce ku biya ni ba."

"Ba shi ba ne. In kika zame kika karye a nan, kamfani za a kama. Kuma ai cikin kuɗin da ake cajinki har da albashinsu. Ki je ki huta, aikinki suke yi."

Ka ji fa. Ana binta kuɗin da za a biya wasu su yi aikin da aka hana ta yi. Ta juya ta hau, tsintsiyar ta zama sanda.

Daga nan duniyarta ta tsuke. Masu kawo ɗinki dama 'yan tsiraru ne, tsofaffin da ba sa son labulen kanti. Baƙo ba ya shiga lifta sai mai gida ya sauko da kati ya ɗauke shi. Wace tsohuwa ce za ta hau bene har ƙololuwa da dami na yadi? Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. Nas ta fara ba ta aron katinta a ɓoye, ashe akwai kyamara a ciki. Sau ɗaya aka gwada, kafin ma Gwaggo ta sa ƙafa mai gadi ya rugo, aka ce in aka sake za a toshe na Nas ɗin. Gwaggo ta mayar mata.

"Riƙe abinki, ke da kike dawowa aiki a gajiye. Kada in ja miki."

Sai ta daina sauka. Nas ke hawo mata da burodi da magani, Auta ta zo ƙarshen mako da cefane. Kowane wata Mai Jaka ya zo ya gaishe ta da ladabi, ya faɗi sabon jimla, kullum ya fi na jiya. Tana zaune ba ta kunna fitilar matakala ba, ba ta taka lifta ba, ba ta da motar da mai gadi zai tsare, amma abin yana hayayyafa kamar ƙuma.

Auta ta ce, "Inna, ki sayar ki dawo wurinmu. Baban su yara ma shi ya fara faɗa."

"In zauna gidan suruki, in yi tari a ji, in yi tusa a ji? Ubanki ya ce ba mai ɗaga ni daga nan."

"Baba ya rasu, Inna."

"Maganarsa ba ta rasu ba."

Damina ce ta karya ta. Rufin ginin a kanta yake, ita kaɗai. Kamfani ya ce gyaran rufi sai an tara na musamman karo na biyu, na ƙasa kuwa ba sa sauri tunda ba a kansu yake zuba ba. Wata rana da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, silin ɗin falo ya jiƙe ya yi ciki, ya ɓarke a kan keken ɗinki. Ta yunƙura ta janye shi, gwiwa ta ce ba da ni ba. Ta faɗi a cikin ruwa. A nan Nas ta same ta, a jiƙe sharkaf, ta rungume ƙafar keken, tukwane a jere a tsakar ɗaki suna tarar ruwa.

Ba kuka take yi ba. Tukwanen take kallo.

"Nas, kin ga tukwanena a cikin ruwa? Haka suka yi ranar da mai gida ya watso mu. Wancan karon aƙalla na san fuskar wanda ya yi."

Da Auta ta iso, Gwaggo ce ta fara magana. "Kira masu sayen."

Wani ɗan kasuwa ne ya saya, ko zama ba zai yi ba, haya zai zuba. Ya taya da arha saboda rufi. Kafin kuɗin ya taɓa hannunta aka zare na kamfani gaba ɗaya, da tara, da na musamman, da na dillali. Ranar aka wanke sunanta tas, ba a binta ko ƙwandala. Mai Jaka ya hawo da murmushi ya miƙo kati, sabo fil, tunda gidan yanzu ba bashi.

"Na sabon mai gidan ne, amma ya ce a sauke ki da shi."

Aka sauke kaya, aka sauke keke da tsatsa ta fara ci. Gwaggo ta rufe ƙofa da kanta, ta daɗe da makullin a hannu kafin ta bayar. Ta shiga lifta, Auta na riƙe da ita ta dama, Nas ta hagu. Akwai madubi a ciki. Ta ga wata tsohuwa a karkace da allura a ɗankwali, ta kau da kai. Liftar ta motsa, Gwaggo ta buɗe baki za ta yi addu'a, sai ƙofa ta buɗe. Ga gareji, ga hasken rana.

"Har mun iso?"

"Mun iso, Inna."

"Shi kenan? Dama iyakarta kenan?"

Suka fito da ita. Ta waiwaya ta kalli matakalar, tana ta sheƙi, ba kowa a kanta.

Yanzu tana gidan surukin, a ɗakin da ake ajiye kekunan yara da tsofaffin akwatuna, an matsar da su gefe an sa mata katifa. Mutumin kirki ne, yana gaishe ta safe da yamma, ita kuma tana tauna abinci a hankali kada a ji. Canjin da ya rage Auta ta ce a kai banki, Gwaggo ta ce duk wanda ya ƙara ambata mata banki ba ta yafe ba, ta ɗinke shi cikin matashin kai. Keken yana nan a rufe da zani, mai gyara ya ce sai an dinga kiransa duk wata uku yana dubawa, da kuɗinsa. Ba a kira shi ba.

Satinta na farko tana kwance ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gida. Ta ji surukin ya fita, ta ji yana tsaki irin na Direba sak. Ta tambayi Auta waye.

"Ba kowa, Inna. Masu karɓar kuɗin kula da unguwa ne, na ƙofar shiga da fitilun titi."

Gwaggo ta juya ta fuskanci bango. Har yanzu in an kira ta Gwaggon Sama tana amsawa, amma ba ta ƙara cewa gidana ba, ko da wasa.

To kai mai buga ƙirji, wannan abin da kake cewa naka ne, daina biya wata shida mu gani. Na waye?